Daga Motar Kara zuwa Motar Rimot: Tarihin Sitiyarin Yara a Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni

Motar wasan yara a Kano ta girmi motar roba ta kanti nesa ba kusa ba. Tun da motoci suka fara yawa a titunan gari, bayan isowar jirgin ƙasa a 1911 da bunƙasar cinikin gyaɗa da ya cika hanyoyi da manyan motocin kaya, yara maza suke kwaikwayon abin da idonsu ya gani da duk abin da hannunsu ya kai gare shi: kara, gwangwani, langa-langa da waya. A cikin mafi yawan waɗannan motoci, wuri guda ake duba gwanintar mai ƙira, shi ne sitiyari. Kowane yaro zai iya haɗa akwati ya sa masa taya huɗu. Wanda ake kira gwani shi ne wanda motarsa take tafiya ɗoɗar idan an miƙe ta, take kuma shan kwana idan an murɗa ta. Wannan matsala ta sarrafa tayoyin gaba ita ce ta bi yaran Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni daga zamanin kara har zuwa zamanin rimot.

Unguwanni tsakanin gona da titi

Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni suna wajen badala, kudu maso gabas da tsohon birnin Kano. A da ƙauyuka ne da gonaki suka kewaye. Bayan an ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, a zamanin Gwamna Audu Baƙo, gari ya fara miƙa ƙafa ta wannan ɓangare. Aka gina gidan zoo a farkon shekarun 1970, rukunin gidaje na Kundila suka tashi, daga baya aka kafa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a 1988. Yau unguwannin suna cikin Ƙaramar Hukumar Tarauni, mai hedikwata a Unguwa Uku, wadda ƙidayar 2006 ta ba ta mutum sama da 220,000.

Wannan zama tsakanin gona da titi ya bai wa yaran yankin abubuwa biyu a lokaci guda. Gona ta ba su kara bayan an yi girbi. Titin Zariya da titin Maiduguri kuwa sun ba su abin kwaikwayo, domin ta nan tirela da tankar mai da bas da a-kori-kura suke shiga gari suna fita dare da rana. Bayan da kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975, 404 da 504 suka cika waɗannan tituna. Garejin kanikawa da rumfunan masu walda da masu faci suka jeru a bakin hanya, kuma a bayan kowane gareji akwai tarin tsohuwar waya da robar cikin taya da gutsattsarin ƙarfe da yaro zai tsinta.

Motar kara da darasin farko

Motar kara sana'ar kaka ce da hunturu. Yaro zai samo karan dawa busasshe, ya ɓare ɓawonsa siri-siri da haƙori ko reza, ya yanka farin da ke cikinsa gunduwa-gunduwa. Ɓawon shi ne ƙusa, shi ake sossokawa cikin farin a haɗa gindin mota da gefe da rufi. Taya kuwa sau da yawa sakaina ce, a goga ta a kan dutse har ta zagaye, a huda tsakiya, a zura tsinke.

Irin wannan mota ba ta da sitiyari na kanta. Zare ake ɗaura mata a goshi a ja, inda zaren ya nufa nan ta nufa. Duk da haka a nan yaro yake fara gamuwa da ciwon da zai bi shi har girma, wato motar da take ja gefe ɗaya. Dalilan ba su wuce uku ba: ko tayar hagu ta fi ta dama girma, ko hudar tsakiyar taya ta kauce, ko an ɗaura zaren ba a tsakiyar goshi ba. Maganin shi ne a haɗa sakainu biyu fuska da fuska a goga su tare har su zo daidai, a kuma gwada tsakiya da tsinke kafin a ɗaura zare.

Gwangwani da langa-langa

Yawaitar kayan gwangwani a kantuna ta kawo mataki na biyu. Gwangwanin madara da na kifi da na tumatir suka zama jikin mota. Langa-langa, wato siririn ƙarfen da ake ɗaure dilar kaya da shi, ana samunsa a inda ake kwance dilolin yadi da atamfa kamar Kantin Kwari, kuma yana da daɗin lanƙwasawa, saboda haka ya zama ƙashin mota. Tsohon silifa ya maye gurbin sakaina: a kifa marfin kwalba a kansa a zana da'ira, a yanka da reza. A zura wayar ƙafar keke cikin bututun biro, sai ga sandar taya tana juyawa ba gargada.

A nan sitiyari ya fara bayyana. Mai ƙira zai ɗora sandar tayoyin gaba a kan ɗan katako ko ninkakken gwangwani, ya kafe shi da ƙusa guda a tsakiya ta yadda zai iya juyawa hagu da dama. Daga wannan ƙusa sai ya tayar da doguwar sanda ko waya mai kauri har zuwa daidai ƙugunsa, ya lanƙwasa bakinta ya yi da'ira. Yaron da a da yake gaba yana jan mota, yanzu ya koma bayanta yana tuƙi.

Wannan tsari yana da sauƙin haɗawa, amma yana da aibi sananne. Tun da sandar gaba ɗaya take juyawa, idan aka sha kwana mai tsanani taya ɗaya takan shige ƙarƙashin mota, faɗin gaban ya ragu, motar ta kife. Idan ƙusar ta matse sitiyari ya yi tauri, idan ta saki ya yi sako-sako, motar ta dinga rawar kai. Gwanaye sukan sa marfin kwalba da aka daddaƙe ya baje tsakanin katako da jikin mota don ya rage gogayya, su kuma kafa ƙananan ƙusoshi biyu a gefe don sandar ta san iyakarta.

Motar waya: ƙololuwar ƙira

Motar waya ita ce ta kai wannan fasaha maƙura, kuma ba a Kano kaɗai aka san ta ba, domin yara suna yin irinta daga Nijar har Malawi da Afirka ta Kudu. Da filaya, ko da dutse da ƙusa idan babu filaya, ake lanƙwasa waya a fitar da siffar mota, a ɗaure mahaɗai da robar cikin taya da aka yayyanka siri-siri.

Manyan masu ƙira ba su tsaya a sanda mai ƙusa guda ba. Sukan ba kowace tayar gaba madogararta, kowace tana juyawa a inda take, sannan su haɗa su biyun da wata waya a kwance. Idan aka murɗa sitiyari sai ya tura wannan waya, ita kuma ta juya tayoyin tare. Wannan shi ne tsarin da ke ƙarƙashin motar gaske. Wani maƙerin keken doki a birnin Munik na Jamus, Georg Lankensperger, shi ya tsara shi, Rudolph Ackermann kuma ya yi masa rajista a Ingila a 1818, shi ya sa ake kiransa da sunan Ackermann. Hikimar da ke ciki ita ce, a lokacin kwana tayar ciki tana zagaya ƙaramar da'ira, ta waje tana zagaya babba, don haka dole ta ciki ta fi karkacewa. Yaron da ya ɗan karkatar da hannuwan da wayar kwance take kamawa, ya ga motarsa ta daina jan taya a ƙasa, ya gano wannan ƙa'ida da hannunsa.

Gyaran motar waya duk a kan wayar kwancen nan yake. Idan tsawonta bai zo daidai ba, tayoyin sukan buɗe baki ko su tsuke, kowace tana neman hanyarta, motar ta yi nauyin turawa. Mai gyara yakan yi wa wayar ɗan lanƙwasa a tsakiya tun farko, domin idan yana son rage tsawo ya matse lanƙwasar, idan yana son ƙari ya buɗe ta. Aikin da bakanike yake yi ke nan da sifana a ƙarƙashin mota idan direba ya kawo ƙarar cewa tana cin taya gefe ɗaya.

Zuwan motar kanti

Motocin wasa na ƙasashen waje sun daɗe suna shigowa Kano, ta manyan kantuna irin su Kingsway da Leventis, da kuma cikin tsarabar alhazai. Akwai mai makulli da ake wanawa, akwai wadda ake ja baya a saki, akwai mai batir wadda igiyar lantarki ta haɗa ta da abin riƙewa. Kayan 'ya'yan masu hali ne, kuma faɗuwar darajar naira bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ta ƙara nesanta su da talaka. Shi ya sa motar waya da ta gwangwani suka ci gaba da mulkin lunguna har cikin shekarun 1990.

A can waje kuwa motar da ake tuƙawa ta iska tana ta girma. Tun a 1898 Nikola Tesla ya nuna ƙaramin jirgin ruwa da ake sarrafawa da rediyo a birnin New York na Amurka. A 1966 wani kamfanin Italiya, Elettronica Giocattoli, ya fito da ƙaramar Ferrari mai rimot. A 1976 kamfanin Tamiya na Japan ya fara sayar da irin wadda mai saye yake harhaɗawa da kansa, a 1999 kuma Kyosho ya fito da Mini-Z mai tsawon tafin hannu. A farkon shekarun 2000 kamfanin Tomy ya ƙara ƙanƙanta ta har ta koma kusan girman akwatin ashana.

Abin da ya kawo motar rimot ƙofar gidan talaka shi ne masana'antun Chaina, musamman na gundumar Chenghai a birnin Shantou, waɗanda suka shahara da kayan wasa. Daga ƙarshen shekarun 1990, 'yan kasuwar Kano suka riƙa zuwa Dubai da Guangzhou da Yiwu suna cika kwantena. Kayan suka sauka a kasuwar Sabon Gari, daga can suka bazu zuwa shaguna da tebura da hannun masu talla a danja. Lokacin Sallah ne kasuwarsu take ci, sa'ad da yara suka tara kuɗin barka da Sallah, titin gidan zoo ya cika maƙil.

Abin da ke cikin akwatin

Motar rimot ta ɗauke sitiyari daga hannun yaro ta ɓoye shi cikin roba, amma idan aka kwance notunan ƙasa za a tarar da tsohon tsarin nan na motar waya: tayoyi biyu, kowace da madogararta, da sanda a kwance tana haɗa su. Abin da ya canza shi ne mai tura sandar.

A mafi yawan motocin da ake sayarwa a kasuwa, ɗan inji ne na lantarki mai ƙaramar giya a baki, giyar tana cizon haƙoran da ke jikin sandar. Idan aka danna hagu injin ya juya ta wata fuska, idan aka danna dama fanel ɗin lantarki da ke cikin mota ya juya masa wuta ya koma ta ɗaya fuskar. Da an ɗaga yatsa, wani siririn sifirin mai ƙafa biyu ya dawo da sandar tsakiya. A 'yan mitsi-mitsin motoci babu wurin inji, sai aka sa naɗin wayar tagulla siririya da maganaɗisu a jikin sandar, wuta na shiga naɗin ya fizgo maganaɗisun. Duka biyun matsayi uku kawai suka sani: hagu gaba ɗaya, dama gaba ɗaya, ko tsakiya. Saƙon kuwa yana tafiya ne a kan zangon megahaz 27 ko 40 ko 49 a tsofaffin motoci, sababbi kuma a kan gigahaz 2.4.

Yadda ake gano ciwo

Masu gyara da suka ƙware suna bin matsalar sitiyari daki-daki, daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Farkon abin dubawa batir ne, na mota da na rimot. Sitiyari yana buƙatar ƙarfi a take, don haka sau da yawa shi yake fara nuna alamar batir ya yi sanyi tun mota tana iya tafiya gaba. Araha ba ta ado: batir mai arha yakan mutu da wuri, idan kuma ya kwana biyu a ciki ya zubar da ruwa ya ci ƙarfen da yake taɓawa, sai an kankare wurin kafin wuta ta wuce.

Na biyu, a ɗaga motar sama a danna hagu da dama. Idan tayoyin suna juyawa a sama amma suna ƙi a ƙasa, ko batir ne ko wani abu ya riƙe su. A Kano wannan abu yawanci ƙurar hunturu ce da yashi, da zaren buhu da gashi da suke nannaɗe madogarar taya. A motoci masu maganaɗisu akwai ƙarin matsala, domin maganaɗisun yana tsince garin ƙarfe daga cikin ƙasa har ya toshe hanyar sandar. Tsohon buroshin haƙori da allura sun isa wannan aiki. Ɗigo ɗaya na man keken ɗinki ya wadatar, man girki kuwa yana daskarewa ya kama ƙura.

Idan ana jin kukan inji amma taya ba ta motsi, haƙoran giya sun cinye ko giyar ta saki a kan bakin injin. Wannan yana yawan faruwa ga motar da aka saba murɗa tayoyinta da hannu da ƙarfi. Idan tana juyawa amma ba ta dawowa tsakiya, sifirin ya ɓalle daga mazauninsa ko ya karye, kuma akan lanƙwasa wani daga siririyar waya mai tauri. Idan gefe ɗaya kawai take juyawa, ko maɓallin rimot ya yi datti, ko tiransisto ɗaya a fanel ɗin motar ya ƙone. Ana raba gardama da aron wani rimot da ya dace da ita: idan ta juya da shi, laifin na rimot ne. Idan tayoyin suna karkarwa su kaɗai, a duba wayar eriya ko ta tsinke, a kuma duba ko akwai wata mota kusa a kan zango ɗaya, domin motoci biyu masu megahaz 27 ba sa wasa tare lafiya. Idan kuwa bayan gyara hagu ta koma dama, wayoyin injin biyu aka liƙa a juye, sai a sauya su.

Saura tsohon ciwon nan na jan gefe. Masu ƙera motar sun san da shi, shi ya sa suka sa ɗan maɓalli a ƙasanta tsakanin tayoyin gaba, mai harafin L a gefe ɗaya da R a ɗaya gefen. Aikinsa shi ne gusar da mazaunin sifirin kaɗan, wato canza inda motar ta ɗauka tsakiya. Ana ajiye ta a kan shimfiɗaɗɗen siminti, a miƙe ta taku biyar ko shida ba tare da taɓa sitiyari ba. Idan ta ja hagu, a gusar da maɓallin mataki ɗaya wajen R, a sake gwadawa. Harafin ake bi, domin idan an kifa mota hagu da dama sukan rikita ido. Idan maɓallin ya kai ƙarshe ba ta daidaita ba, sai a koma darasin motar kara: ko robar taya ɗaya ta zame, ko ta fi 'yar'uwarta cinyewa, ko sanda ta lanƙwashe a wani karo.

Motoci masu tsada, irin na masu gasar tsere, suna amfani da wani inji da ake kira sarbo, mai juya taya gwargwadon yadda aka murɗa rimot. Rimot yana aika masa saƙo kusan sau 50 a daƙiƙa, tsawon saƙon ne yake gaya masa inda zai tsaya. Daidaita shi yana da ƙa'ida: a mayar da maɓallin daidaito na rimot tsakiya, a kunna rimot kafin mota, a cire hannun sarbo a mayar da shi a miƙe, a daidaita tsawon sandunan haɗi, sannan a ƙarasa ɗan abin da ya rage da maɓalli. Ana kuma rage iyakar juyawarsa don kada ya dinga tura taya bayan ta kai bango, domin hakan ne yake cinye masa giya.

Masu gyara da magada

Motar rimot ba ta taɓa samun gareji nata na kanta a Kano ba, domin sau da yawa kuɗin gyara yakan yi kusa da kuɗin sabuwa. Masu gyaran rediyo da talabijin na bakin titi su ne suka fara karɓar ta, tun da suna da mita da dalma da tsofaffin fanel da za a ciro tiransisto. Bayan zuwan wayar salula a 2001, kasuwar waya ta Farm Centre da ke Tarauni ta tara ɗimbin matasa masu aikin dalma a kan abubuwa ƙanana, ta kuma wadata yankin da tsofaffin batiran waya masu bolt 3.7 waɗanda ake cajawa.

Daga nan wani sabon salo ya fito, wanda ya haɗa zamanin biyu. Yaro zai samo matacciyar motar rimot a gida ko a wurin 'yan jari bola, ya ciro inji da fanel, ya gina sabon jiki da kwali ko gwangwani, ya yanka taya daga silifa, ya ɗaura batirin waya. A nan dole ya ƙera sitiyari da hannunsa kamar yadda iyayensa suka yi, sannan ya haɗa shi da lantarki, abin da su ba su samu ba. Yana koyon auna tsakiya, da rage gogayya, da bin waya daga batir zuwa inji, da haƙurin gwada abu ɗaya kafin a taɓa na biyu. Waɗannan su ne tushen aikin bakanike da mai gyaran lantarki da injiniya.

Gonakin Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni sun zama gidaje, kara ya yi wuyar samu, filayen wasa sun ƙuntata, wayar hannu kuma ta ɗauke hankalin yara da yawa. Abin da ya rage a hannun iyaye da malaman firamare da na makarantun koyon sana'a shi ne kada su bari wannan ilimi ya bi kara. Motar rimot da ta daina shan kwana ba ta cancanci bola ba. A ba yaro sukudireba da buroshi da wuri mai haske, a zauna kusa da shi ya buɗe ta, a kuma nuna masa yadda ake lanƙwasa motar waya, domin wanda ya iya daidaita tayoyin gaba na motar wasa ya riga ya sa ƙafa a kan hanyar sana'a.